Marlys Kubicek da Baƙin Kwat

Kullum da safe, idan ta sauke yaran makaranta ta ajiye doguwar motar nan ruwan ɗorawa a bayan filin ƙwallo, Marlys Kubicek ba ta wucewa gida. Da ƙafa take gangarowa, kofin gahawa a hannu, ta kewaya bayan gidan waya ta buɗe ƙaramar ƙofar tashar 'yan kwana-kwana. Ba ta kunna fitila tukuna. Tsayawa take a bakin ƙofa ta ja iska ta hanci. Idan warin sabulu da roba ta ji, to lafiya lau. Idan kuwa ta jiyo ƙaurin hayaƙi, komai ƙanƙantarsa, sai ta bi layin kwat-kwat ɗin da ke rataye ɗaya bayan ɗaya har ta gano mai laifin, ta ɗaga waya. Ba ruwanta ko kana kan tarakta ne ko saniyarka ke naƙuda. Za ka zo ka sa kayanka a injin wanki da hannunka, tana tsaye a kanka.

Ranar Asabar mai zuwa za ta ajiye aikin sakatariyar 'yan kwana-kwanan sa-kai na garinmu Ansel Grove, bayan shekara ashirin da shida da ba a taɓa biyanta ko sisi ba. Sunanta ba ya kan allon tagullan da ke bangon tasha, wai don ba ta taɓa riƙe mesa ba. Na daɗe ina rubutu a wannan 'yar jarida tamu, na yabi mai kabewa mafi girma, na yabi kocin da bai taɓa ci mana kofi ba, amma ita sau ɗaya na rubuta sunanta, kuma ba'a na yi mata. Zan zo kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma a zamaninmu darajar ɗan kwana-kwana a baƙin kwat ɗinsa take. Ba a wanke shi. Wanda ya fi kowa kunkunniya a kafaɗa da ƙuna a hular kwano shi ne namiji. Sabon shiga mai kaya fes kuwa ango ake ce masa, a yi ta tambayarsa yaushe ne ɗaurin auren, har sai ya samu gobarar da ta rina shi. Ni da nake wannan surutu na yi shekara goma sha biyu a cikinsu, kuma a watana na farko na laɓe bayan wani ƙonannen rumbu na goga hulata a jikin gungume don a daina kirana ango. Kwat a kujerar bayan a-kori-kura yake kwana, ko a ƙusa kusa da ƙofar kicin. Yara su saka hular baba a ɗauke su hoto. Idan mutum ya rasu, a bakin kabari shugaba ke miƙa wa ɗansa kwat ɗin yadda yake, da duk hayaƙin da ya sha.

Haka aka yi wa Curtis, ɗan Marlys tilo. Mahaifinsa Duane ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu, ciwon daji na maƙogwaro, mutumin da bai taɓa sa taba a baki ba. Orval Pospisil, shugabanmu a lokacin, mai shagon kayan gyaran injin noma, shi ya ɗora wa Curtis kwat ɗin a kafaɗa yana ɗan shekara ashirin da biyu. Marlys ta yi kuka ranar, kuma ita da bakinta take cewa rabin kukan na alfahari ne. Shekara biyu tana ganin baƙin zobe a wuyan ɗanta duk ranar da ya dawo daga gobara, irin wanda ta saba wankewa a rigar matashin kan Duane, ba ta kawo komai a ranta ba.

A lokacin motar kashe gobara muke nema ruwa a jallo. Tsohuwar tamu ta girmi rabin masu hawanta. Sau uku Marlys tana cike takardun neman tallafin gwamnatin tarayya, sau uku ana dawo mana da haƙuri. Sai aka tura ta wata bita ta yini ɗaya a birnin Kearney ta koyo yadda ake rubutun da ke ratsa zuciyar mutanen Washington. Bayan abincin rana, rabin mutane sun sulale, wani tsohon ɗan kwana-kwana ya hau mumbari. Ba shi da murya. Wata 'yar na'ura yake dannawa a wuya tana fitar masa da magana. Ya ɗauko tsohon kwat, ya goga farin ƙyalle a cikin wuyansa, ya ɗaga sama. Ya ce abin da ke ci a gidajen yanzu roba ce da soso da fenti da wayoyi, gubarsu tana maƙalewa a yadi, idan jiki ya yi zafi ya jiƙe da gumi fata sai ta sha, musamman ta wuya. Ya ce asusun nan da suke nema yana sayen injin wanki na musamman, da kaya na biyu, da duba lafiya duk shekara, amma ƙananan garuruwa kowa mota yake so.

Marlys ta ce ba ta san yadda aka yi ta fito ta shiga motarta ba. Ba ta nufi gida ba, maƙabarta ta tsaya. Ta bi kaburburan da ke da 'yar jar tuta, alamar ɗan kwana-kwana, tun daga shekarar da ta yi aure a garin nan. Tara ne. Babu ko ɗaya da wuta ta kashe. Ɗaya tarakta ta danne, biyu tsufa. Sauran shidan ciwon daji. Duk shidan ita ta gasa burodin da aka ci a zaman makokinsu, ta ji mutane suna cewa ikon Allah, ita ma ta ce ikon Allah. Ta zauna a gefen kabarin Duane har ƙafarta ta yi sanyi.

Daga nan gidan Curtis ta wuce. Motarsa na ƙofa, ta leƙa ta gilashi, ga kwat ɗin nan a kujerar baya, hannun kwat ɗin ɗaya ya zubo kan kujerar jaririyarsa mai wata biyar. Ta faɗa masa duk abin da ta ji, tana haɗa kalmomi don sauri. Ya saurare ta yana goge hannu da tsumma.

"Mama, kwat ɗin Baba ne fa."

"Shi ya kashe shi, Curtis."

"Kar ki sake faɗin haka," ya ce, ya shige gida ya bar ta a tsaye.

Ranar Litinin a taron wata ta miƙe ta ce a bar zancen mota bana, a nemi injin wanki da sababbin kaya da likita. Ina wurin. Kowa na jiran ta ce wasa take. Orval ya cire tabarau ya dube ta.

"Mota muka aike ki nema, Marlys. Ba aure za mu yi ba da za ki haɗo mana kayan ɗaki."

Wani daga baya ya ce a ƙara da dutsen guga. Dariya har da buga tebur. Aka ɗaga hannu, sha bakwai suka ce mota, biyu suka yi shiru, babu wanda ya goya mata baya, har ɗan cikinta. Ta tattara takardunta ta ce to madalla, su nemi wanda zai rubuta, ita ba za ta ƙara sa hannunta a takardar mota ba. Saura kwana tara a rufe. Orval ya ce ai ba wani abu ba ne, shi zai cike. Fom ɗin shafi arba'in ne. Ya kwana uku yana fama, ya tsaya a na huɗu.

Lahadin makon kuwa ranar karin kumallon fanke ce, wanda muke yi duk kaka a cikin tasha bayan an taso daga coci. Gari ya hallara, maza na juya fanke suna fankama, kwat-kwat na rataye a bango don baƙi su gani. Sai ga Marlys da kwandon wanki cike da fararen ƙyallaye, tsofaffin zannuwan gadonta ta yayyage. Ba ta bi ta kan maza ba. Tebur-tebur ta bi tana miƙa wa matansu, tana cewa kowace ta je ta goga a cikin wuyan kwat ɗin mijinta, wurin da ke taɓa fata. Suka tashi suna dariya, a zatonsu wani sabon wasa ne. Ƙyallen farko ya fito baƙi ƙirin, da maiƙo, kamar an goge gindin tukunya. Na biyu haka. Marlys ta hau kan benci ta karanta sunaye shida, sunaye kawai, da ciwon kowa. Matan mutum huɗu daga cikinsu suna zaune a wurin.

Renae, matar Curtis, ba ta je wurin bango ba. Waje ta fita da ƙyallenta. Ta dawo bayan minti biyu, ta ajiye shi kusa da farantin mijinta. Ya tambaye ta a ina ta goga.

"A kujerar 'yarka."

Fanke na ƙonewa a kasko babu mai juyawa. Mutane suka fara zamewa da yaransu, abinci a faranti. Abin da ya faru a gidaje sha tara a yammacin nan ban sani ba, amma ranar Talata da safe Orval ya zo ya sa hannu a takardar neman injin wanki da kaya da Marlys ta rubuta, fuska a murtuke, ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

Kada ku ɗauka an gode mata. Maza sun ji an tozarta su gaban iyali, sun kuma riƙe ta a rai. Curtis ya daina ajiye kwat a mota, amma bai daina saka shi ba, ya kuma daina zuwa cin abincin Lahadi a gidan uwarsa. Idan suka haɗu a kanti gaisuwar baƙi yake mata. Wata takwas a haka. Da bazara amsa ta zo: an ba mu. Aka kawo inji ƙato, aka kawo kaya sababbi fil, kowa saiti biyu, aka ɗaura yarjejeniya da wani asibiti a gundumar maƙwabta. A faretin huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasa, tsohuwar motarmu ta mace a tsakiyar titi gaban kowa, maza shida na turawa, wani ya ɗaga murya ya ce a jefa ta a injin Marlys ko ta farfaɗo. A makon ne na rubuta cewa Ansel Grove ta zama gari na farko da zai ƙone ƙurmus cikin tsafta. An yi dariya, an yanke shafin an manna a shagon aski. Marlys ta karanta, ta gan ni washegari, ta tambaye ni lafiyar gwiwar matata.

Abin da babu wanda ya sani, saboda babu wanda ya karanta, shi ne a shafi na talatin da ɗaya ta rubuta wa gwamnati alkawari biyu da sunan tasha. Duk kayan da ya wuce shekara goma za a janye shi. Wanda kuma bai je likita ya duba shi ba, ba zai hau mota ba. Da maganar ta fito, maza suka riƙa zuwa asibiti ɗaya-ɗaya suna gunaguni, matansu na tuƙa su. Curtis ya kafe. Ya ce shekararsa ashirin da biyar, yana ɗaga ɗan maraƙi da hannu ɗaya, me zai gaya wa likita? Sababbin kayansa ko ledarsu bai yaga ba.

Wata Alhamis a watan Agusta, da rana tsaka, jiniya ta yi kuka: tarin ciyawa ya kama a wata gona arewa da gari, iska na kaɗa wutar wajen rumbu. Curtis ya iso a guje, ya zura baƙin kwat, ya ɗora ƙafa a matakalar mota. Orval ya tare ƙofa da hannu. Marlys na ɗakin rediyo, ƙofa a buɗe, tana jin komai.

"Sauka, Curtis."

"Shugaba, rumbun mutane zai tafi."

"Ba ka je asibiti ba. Na sa hannu. Ban karanta ba, amma na sa."

"Kai da kanka ka ɗora min kwat ɗin nan."

"Na sani. Sauka."

Mota ta tafi ta bar shi a tsakar tasha. Duk wanda ke wurin ya sha mamaki, domin Orval ne ya fi kowa yi wa dokar nan ba'a. Ashe kwana goma kafin nan nasa sakamakon ya fito, kuma bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ciwon daji ne, ya riga ya yaɗu daga mafitsara zuwa ƙashi.

Curtis ya juya ya ga uwarsa. Ta ce kallon da ya yi mata ba za ta so maƙiyinta ya gani a idon ɗansa ba. Washegari ya tafi asibiti don haushi kawai, don ya dawo ya jefa mata takardar a tebur. Likita ta taɓa gaban wuyansa, ta sake taɓawa, ta ce ya haɗiye yawu. Ta tambaye shi tun yaushe wannan ƙullin yake. Ya ce wane ƙulli?

Ciwon daji ne. Ɗan shekara ashirin da biyar, jama'a, mai ɗaga maraƙi da hannu ɗaya. Da labarin ya shigo gari mutane a bakin gidan mai suka tsaya cirko-cirko. Aka yi masa aiki a birni. Ƙarin ya riga ya naɗe jijiyar murya, dole aka taɓa ta. Likitocin sun ce ba za su rantse cewa kwat ne ya jawo ba, ba a rantsuwa a irin wannan. Amma sun ce da ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, da wata maganar ake yi.

Mako uku bayan an sallame shi ya zo gidan Marlys da baƙar leda a ɗaure, wuya a naɗe. Bai iya magana ba tukuna. Ya ajiye ledar a ƙofar kicin, ya rubuta a bayan wata ambulan: "Ki yi yadda kika ga dama da shi, Mama." Ta haɗa shi da sauran tsofaffin kayan da aka zo aka kwashe. Ta gaya min ta yi kwana biyu tana kuka, don wannan ƙaurin da ta tsana shi ne warin mijinta na ƙarshe da ya rage a duniya.

Orval ya rasu da bazarar da ta biyo. A bakin kabari ɗansa Wade ya matso kamar yadda aka saba, sai matar marigayin ta riƙe masa hannu ta ce babansa ya hana. Ya bar wasiyya cewa kada a ɗora wa kowa kayansa, a ba Marlys ta san yadda za ta yi da su. Tun daga ranar ba a sake miƙa kwat a maƙabartar garin nan ba. Bayan Curtis an kama wa mutum biyu nasu ciwon da wuri, dukansu suna nan, ɗaya ma shi ne mai maganar dutsen guga. Mota kuwa mun samu bayan shekara shida, kwance ce, kuma Marlys ɗin dai ce ta rubuta takardar.

Marlys, ke ce kika tsaya gaban maza sha tara suna dariya ba ki zauna ba. Ke ce kika yarda ɗanki tilo ya daina yi miki magana, in dai zai rayu ya ci gaba da fushin. Mai farin ƙyalle, uwar maza masu taurin kai. Mun shiga wuta mun fito muna taƙama, ashe abin da ke cin mu a kafaɗarmu muke kawo shi gida mu rataye kusa da abincin yara. Da na je neman izininki kan wannan rubutu kin ce in bari, wai shekara ashirin da huɗu kina wanke baƙin zobe a matashin kan Duane ba ki taɓa tambaya ba, wace jinjina kuma. To mu fa, da muka goga abin a jikinmu da gangan? Babu wanda ya tambaya a garin nan. Ke kika fara, kuma da kika ji amsa ba ki bar mu mun huta ba. Abin da na rubuta a kanki wauta ce da rashin kunya, ina neman gafara a shafin da na yi laifin. Mun gode, Marlys. Renae ta gode, 'yarsu da ke aji bakwai yanzu ta gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar jin daɗinsa.

Ku kuma na garuruwan maƙwabta da ke karanta wannan, na shiga tashoshinku, na ga abin da ke rataye a bangonku, na ji kuna kiran yaranku ango. A kowane gari akwai mai haƙurin zama da shafi arba'in. Ku nemo ta, ku ba ta kujera, idan ta faɗi abin da ba ku so ku riƙe dariyarku. Kafin nan ku samu farin ƙyalle ku goga a wuyan kwat ɗinku yau ɗin nan, gaban matanku.

Liyafar ƙarfe shida ce ranar Asabar, a tasha, kowa ya zo da kwanonsa. Curtis Kubicek, shugabanmu na yanzu, shi zai tashi ya yi jawabi. Don Allah a kashe fanka, a riƙe yara, a ajiye cokula, domin muryarsa ba ta wuce tebur na uku. An ajiye wa uwarsa kujera a na farko.